Tambayoyi Biyu Kafin a Rubuta Magani

Kowace safiya jama'a kan yi dafifi a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, da ƙananan asibitocin unguwanni tun daga Jambutu har Yolde Pate. Ana auna zafin jiki, ana auna hawan jini, ana ɗibar jini a duba zazzaɓin cizon sauro. Amma akwai ciwo guda wanda ba shi da ma'auni a kan teburin malamin asibiti, watau ciwon damuwa. Mai wannan ciwo da wuya ya kira sunansa. Sai ya ce kansa ya yi nauyi, barci ya ƙaurace masa, gabansa na faɗuwa, ko wani abu na yawo a jikinsa. A ba shi maganin zazzaɓi da na taifot ya tafi, bayan mako biyu ya komo da kukan nan dai, kuɗinsa sun tafi, ciwo na nan.

Masana sun daɗe da tsara gajerun tambayoyi don gano irin wannan majiyyaci. Mafi shahara ita ce takardar da ake kira PHQ-9, wadda masanan Amurka uku, Kroenke da Spitzer da Williams, suka bayyana ingancinta cikin 2001. Tambayoyi tara ne game da mako biyun da suka wuce, kowace da maki daga sifiri zuwa 3, jimla 27. Wanda ya kai maki 10 ana so a zauna da shi a bincika sosai. Cikin 2003 aka nuna cewa biyun farko kaɗai sun isa a fara da su: shin mutum ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba yi, kuma shin yana jin ransa a ɓace ko ya fid da tsammani? Masu ciki da masu jego kuma suna da tasu ta tambayoyi goma, wadda aka tsara a Edinbara cikin 1987. Ba baƙin abu ba ne a ƙasar nan, domin tun 2006 Dokta Adewuya da abokan aikinsa suka gwada mai tambayoyi taran a kan ɗaliban jami'a a Ile-Ife, suka tarar tana aiki.

In akwai garin da ya cancanci a yi wa mutanensa waɗannan tambayoyi, to, Yola ce. Sa'ad da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram cikin Oktoban 2014, dubban mutane suka kwararo daga can da Michika da Madagali, waɗansu suka sauka a sansanonin Damare da Malkohi, mafi yawa kuwa suka raɓe a gidajen dangi. Cikin 2015 bama-bamai suka tashi a kasuwar Jimeta, da masallacin Jambutu, da cikin sansanin Malkohi kansa. Ga kuma ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022. Waɗanda suka rasa miji ko ɗa ko gona a waɗannan shekaru su ne ke zaune a kan bencin asibiti yau suna kukan ciwon kai.

Amma fa kada hukuma ta ɗauka buga takarda dubu goma a raba shi ne aikin. Da fari dai, da Turanci aka rubuta ta, aka kuma tsara ta don majiyyaci ya karanta ya cike da hannunsa. A Yola tilas ne a yi tambayar da baki, da Fillanci ko Hausa, wani lokaci da Bachama ko Margi ko Kilba. In aka bar kowane malami ya fassara yadda ya ga dama, makin da aka samu a Luggere ba zai yi daidai da na Doubeli ba. Sa'an nan ga kunya da haƙuri, waɗanda Fulani ke kira semteende da munyal. Matar da aka tarbiyyantar a kan cewa bayyana ɓacin rai gazawa ce, in aka tambaye ta a gaban uwar mijinta da cincirindon mata, lafiya lau za ta ce. Tambayar nan tana bukatar labule da murya ƙasa-ƙasa.

Na biyu, maki ba hukunci ba ne. Cikin tambayoyin tara akwai gajiya da rashin cin abinci da rashin barci, alhali ƙarancin jini da laulayin ciki da zazzaɓi, har ma yunwa, duk suna kawo haka. A gwajin farko na Amurka takardar ta gano kashi 88 cikin ɗari na masu ciwon, ta kuma wanke kashi 88 cikin ɗari na marasa shi. A ɗauka cikin mutum ɗari goma ne ke da ciwon. Za ta kama wajen tara daga cikinsu, ta haɗa da wajen goma sha ɗaya waɗanda ba su da shi. Watau fiye da rabin waɗanda ta nuna, ba su ne ba. Saboda haka malamin da ya ga maki 12 ya rubuta ƙwaya nan take ya yi ɓarna, balle a gari inda in an ce mutum yana shan maganin ƙwaƙwalwa sai a ce ya taɓu.

Babbar magana kuwa ita ce abin da zai biyo bayan tambaya. Ƙasashen da suka riga kowa ma ba su daidaita ba. Kwamitin masana na Kanada ya ce cikin 2013 kada a yi wa kowa da kowa, na Amurka kuma ya ce cikin 2016 a yi, amma bisa sharaɗin akwai tanadin tabbatar da ciwo da magani da bin sawu. Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan al'amarin a Nijeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai ɗari uku ba ga mutum fiye da miliyan 200. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Badun ya wallafa cikin 2006 ya nuna cewa a ƙasar Yarbawa, inda likitoci suka fi yawa, masu tsananin ciwo da suka sami wani magani ba su kai ɗaya cikin goma ba. Tambaya ta tara kuma tana tambayar ko mutum yana tunanin gara ya mutu. Malamin da ya ji an amsa masa da i, in ba shi da inda zai tura mutum, an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Hanya tana nan. Tun 1991 manufar Gwamnatin Tarayya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci. Cikin 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran da ake kira mhGAP don koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba, an kuma gwada shi a ƙananan asibitocin Badun, inda malaman lafiya suka yi wa masu ciwon damuwa magani da hira mai tsari da ƙwayoyi masu araha, likita na duba aikinsu. Cikin Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.

Kamata ya yi Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Adamawa da Hukumar Kula da Ƙananan Asibitoci su fara da kaɗan. A sa masana harshe da likitocin asibitin koyarwa su yi fassara guda ta Fillanci da ta Hausa, a gwada ta a kan mutanen Yola kafin a yarda da ita. A fara da wurin awon ciki, da masu ciwon sukari da hawan jini, da masu karɓar maganin ƙanjamau, da majiyyacin da ya komo sau uku ba a gane ciwonsa ba. Kada a miƙa wa wani asibiti takardar sai an horar da ma'aikaci guda a cikinsa, an ajiye magani a ma'ajinsa, an kuma ba shi sunan likitan da zai kira a Jimeta ko Yola ranar da ya gamu da wanda ya fi ƙarfinsa.