Kwanan Daji a Ƙasar Zaki da Kura: Tun da Rana Ake Shirya Natsuwa

Ya kai manomi, kai maharbi, da kai malamin gona mai zagaya ƙauyukan bakin daji, akwai wata magana da ba kasafai ake kawo ta a tarurrukan faɗakarwa ba. Mukan tsawaita bayani a kan taki da iri da maganin feshi, sai mu manta cewa da zarar dawa da masara sun fara nuna, ɗimbin mutane kan bar gidajensu su tare a bukkokin gona domin gadin amfaninsu. Idan rani ya yi kuma, mafarauta da masu ɗibar zuma da masunta kan shiga daji su yi kwana da kwanaki. A wasu sassa na ƙasar nan, dajin da ake kwanan a cikinsa yana da masu shi, kuma da dare suke fitowa neman abinci.

Mutanenmu sun ɗauka cewa natsuwa a gaban zaki ko damisa halitta ce, wani an haife shi da ita, wani kuwa matsoraci ne tun fil azal. Ni ban yarda da haka ba. Wanda ya san halin dabbar, ya zaɓi makwancinsa da kyau, ya kuma yanke tun da rana abin da zai yi idan aka yi kiciɓis, shi ne yake iya tsayawa. Wanda ya dogara ga ƙarfin zuciya kawai, ranar da ya ji gurnani a bayan bukka ƙafafunsa ne za su yanke masa shawara.

Bari mu fara da sanin inda haɗarin yake, domin tsoron da ya wuce kima shi ma ɓarna ne. Zakuna sun yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya. Binciken da aka wallafa a shekarar 2014 ya nuna cewa waɗanda suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a dazuzzukan da ke kan iyakar Benin da Nijar da Burkina Faso. A nan gida, wurare biyu kawai aka same su: gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956, da gandun dajin Kainji da ke tsakanin jihohin Neja da Kwara. Akwai su kuma a arewacin Kamaru, daura da Adamawa da Borno, kuma dabba ba ta san iyakar ƙasa ba. Damisa tana nan a tsaunuka da kurmin Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a ƙasar nan, sai dai da wuya ka gan ta ko da ita tana ganinka. Kura ce ta fi kusa da mu duka. Saboda haka mafi yawan masu karanta wannan ba za su taɓa haɗuwa da zaki ba, amma ƙa'idojin kwanan daji iri ɗaya ne ga dukkan waɗannan namun.

Ya kamata kuma a faɗa a fili cewa farauta a cikin waɗannan gandun daji haramun ce a doka, haka nan kashe zaki ko damisa a ko'ina. Maganata da mai gona a gefen gandu ce, da maharbin da ke nema a dajin da aka halatta masa.

Darasi mafi girma a kan wannan al'amari daga Tanzaniya ya zo mana, kuma darasi ne na manoma. Wani bincike da masanin zakuna Craig Packer ya jagoranta, aka wallafa a 2005, ya ƙidaya mutane 563 da zakuna suka kashe a ƙasar cikin shekara goma sha biyar daga 1990, ban da sama da 300 da suka ji raunuka. Da aka duba su wane ne, sai aka tarar da yawansu talakawan manoma ne a gundumomi irin su Rufiji da Lindi, masu kwana a 'yan bukkoki marasa ƙwari lokacin kaka domin korar aladen daji. Zaki ya biyo alade zuwa gona, sai ya tarar da mutum yana barci a bayan ciyawa. Wasu kuma an kama su ne sun fita kewayawa da dare. Ka dubi wannan, sannan ka dubi bukkar da kake kwana a cikinta idan gyado ko gwaggon biri sun dame ka.

Waɗannan masana sun sake fitar da wani sakamako a 2011 wanda ya dace da mu, tun da mu masu lissafi da wata ne. Sun gano cewa hare-haren sun fi yawa a kwanaki goma da ke biye da daren sha huɗu, tsakanin faɗuwar rana da ƙarfe goma na dare. Dalilin a bayyane yake. Farin wata yana hana zaki sa'ar farauta, saboda haka yakan fito daga waɗannan darare da yunwa. Bayan sha huɗu kuma wata yakan makara wajen fitowa, sai duhu ya rufe tun daga magariba, lokacin da mutane ke kai da komo. Ashe daren da ya kamata ka fi taka tsantsan shi ne daga sha biyar ga wata zuwa ashirin da biyar, kuma da farkon dare, lokacin da kowa ke ganin ai da sauran ido biyu. A waɗannan kwanaki ka ɗebo ruwanka, ka yi itacenka, ka gama girkinka tun rana ba ta faɗi ba, kada kuma ka aiki yaro.

Wurin sauka shi ne rabin tsira. Kada ka yada zango a bakin mashaya, ko a kan turbar da ka ga sawun namun daji sun dadduƙe, ko a gindin duhuwa da doguwar ciyawa. Nemi fili inda idonka zai kai nesa ta kowane ɓangare, ka share ciyawar da ke kewaye, ka yi shingen ƙaya mai kauri da tsayi, kaifin yana duban waje, da ƙofa ɗaya da za ka ja reshe ka toshe daga ciki. Makiyaya sun daɗe da sanin wannan. Mai gadin gona da zai yi makonni, ya fi masa ya kafa rumfa mai tsayi a kan dirkoki masu ƙarfi, ko ya yi bukka mai bango da ƙyaure na gaske. Zana da buhu ba sa tare komai. Kada a kwana a fili saboda zafi, domin kura, wadda muke yi wa dariyar tsoro a tatsuniya, mai barci take nema, kuma a fuska take kamu. Haƙoranta suna fasa ƙashin sa.

Ga mafarauta, nama shi ne goron gayyata. Ka yi fiɗa nesa da makwanci, ka binne kayan ciki ko ka bar su can, ka rataye naman a reshe mai tsayi a wani wuri daban, ka wanke hannu da wuƙa. Rigar da ta sha jini kada ta zama matashin kai. Haka masunta da ke banda kifi a tunga.

Sai maganar wuta, wadda mutane suka ba amanar da ba ta cancanta ba. Wuta tana da amfani domin tana nuna maka abin da ke zuwa, amma zaki mai yunwa yana iya zagaya ta, kura kuwa takan jira ta mutu. Abin da ke tsare zango shi ne mutum a farke. A raba dare, kowa ya ɗauki rabonsa na tsaro, da tocila mai ƙarfi da batir na ajiya. Duk wanda zai fita kewayawa ya tashi ɗan'uwansa ya haska masa, kuma kada ya yi nisa don kunya, saboda mutum a tsugune ƙaramar dabba ce a idon zaki.

To, a ce duk da haka kun haɗu. Abu na farko, kuma mafi wuya, shi ne kada ka gudu. Zaki yana iya kai wa gudun kilomita 60 ko fiye a sa'a a ɗan gajeren zango, babu ɗan Adam da ya kusa haka, kuma gudun shi ne yake gaya masa cewa kai abinci ne. Ka tsaya a miƙe, ka fuskance shi, ka ɗaga hannuwa ko sanda ko riga domin ka ƙara girma, ka yi magana da babbar murya. Idan kuna da yawa ku haɗu wuri ɗaya, a ɗauki yara a kafaɗa. Ka lura da jikinsa: idan ya kwantar da kunnuwa, yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, yana gurnani ƙasa-ƙasa, to gargaɗi yake yi. Yana iya zaburowa, kuma sau da yawa irin wannan zaburowa ta barazana ce, yakan ja birki 'yan taku kaɗan daga gare ka. A wannan lokaci ne ake rasa rai, domin a nan ne mutum ke juya baya. Idan ya tsaya, ka riƙa ja da baya a hankali, fuskarka a gare shi, ka bar masa hanyar fita. Idan ya sake motsowa, ka sake tsayawa.

Damisa halinta dabam. Ta fi son ta lafe ka wuce, saboda haka masu aikin gandun daji kan ba da shawarar kada ka zuba mata ido, ka nuna kamar ba ka gan ta ba, ka janye a hankali. Hawan bishiya ba ya raba ka da ita. Idan kuwa wata daga cikin waɗannan dabbobi ta kai ga jikinka, kwanciya kamar gawa ba ta da amfani. Ka yi faɗa da duk abin da ke hannunka, ka nufi ido da hanci, ka kare wuyanka.

Wataƙila maharbi zai ce shi ai yana da bindiga. Ina girmama sana'arka, amma ka tuna sunan da mutanenmu suka laƙaba wa adaka, wato harba-ruga. Harbi ɗaya gare ka, cikin duhu, hannu yana rawa. Zakin da ba a taɓa ba yakan tafi abinsa. Wanda aka raunata shi ne yake juyowa, idan kuma ya tsere da rauni ya kasa kama barewa, awakin ƙauye da masu kiwonsu zai koma wa. Haka dabbar da tarkon waya ya yanke wa ƙafa. Harbin firgita kuma yakan faɗa a kan abokin tafiya, wanda fitilar goshi ta nuna a matsayin idanu biyu a cikin ciyawa. Game da layu da sauran abin da aka gada daga iyaye, ba zan yi jayayya da kowa a nan ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, tsofaffin maharban da suka kai furfura su ne waɗanda suka fi kowa iya karanta sawu, da sauraron kukan gwaggon biri da zabin daji, da kauce wa wurin da ungulaye ke shawagi, saboda sun san akwai mushe, kuma mai mushen yana kusa. Zakanya mai 'ya'ya da zakin da ke kan abincinsa ba a kusantar su da kowane irin shiri.

Kada kuma tsoron masu farce ya mantar da kai ɓauna da dorina da kada. Kada ka shiga tsakanin dorina da ruwa da asuba, kuma kada ka riƙa ɗibar ruwa a gurbi ɗaya kullum a kogin da ke da kadoji.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon malaman gona su yaƙa da gaske, domin da kayanmu ake yin ta. Idan kura ko zaki suka kashe saniya, wasu kan barbaɗa maganin ƙwari a kan mushen. Wannan guba ba ta zaɓe. Tana kashe ungulaye da dila da karnukan gari, tana shiga ruwa, tana kuma iya komawa tukunyar wanda ya tsinci naman. Abin da ya dace shi ne a sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji mafi kusa a ranar, a ƙarfafa garke, a daina barin dabbobi a waje da dare. A Kenya wani yaro makiyayi mai suna Richard Turere ya ƙirƙiro fitilu masu walƙiya bi da bi a jikin shingen garke, ta yadda zaki zai zaci mutum ne ke zagayawa da tocila, kuma dabarar ta bazu a can. Yanzu da fitilun sola suka wadata a kasuwanninmu, babu abin da zai hana a jarraba ta a rugage da bukkokin gona.

Malamin gona, kafin kaka ta kama, ka tara masu kwanan gona da shugabannin mafarauta na yankinka. Ku je ku duba bukkokin da idonku. Ku sa matasa su gwada tsayuwa da ja da baya har jikinsu ya saba, kamar yadda ake gwada musu awon taki, domin abin da jiki ya maimaita shi yake yi idan hankali ya tashi. Ku tabbatar duk mai shiga daji ya faɗi inda ya nufa da ranar dawowarsa, kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Ku koya musu cewa idan an yi cizo ko yakushi, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, kada a zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai. Haƙorin waɗannan dabbobi yana shiga da zurfi ko da bakin raunin ƙarami ne, kuma yakan ruɓe cikin kwana ɗaya ko biyu. A kai mutum asibiti a ranar, a nemi allurar tetanus da ta ciwon haukan kare, a kuma cika adadin alluran ko da raunin ya warke.