Lafiyar Iyali: Idan Likita Ya Ce a Tsaya ga Abincin Ruwa-Ruwa

 A wannan fitowa za mu tattauna a kan majinyacin da likita ya hana shi abinci mai tauri na wani lokaci, ya ce kada a ba shi komai sai abin sha. Umarni ne mai sauƙin ji, amma sau da yawa a gida yake lalacewa, kuma a hannun masu ƙaunar majinyacin: uwa ta ga ɗanta ya rame ta lallaɓa masa loma biyu na tuwo, ƴan dubiya su zo da kwanon fura, shi kuma ya ji nauyin mayarwa. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, wannan abinci magani ne, yana da ƙa'ida, yana da wa'adi.

Da farko, abincin ruwa-ruwa iri biyu ne. Na ɗaya shi ne ruwa garai, wato abin shan da idan aka zuba shi a kofin gilashi ana hango ƙasan kofin: ruwan sha, shayi ba madara, romon da aka tace aka kwashe maiƙonsa, ruwan ƴaƴan itace marar ɓargo, da ruwan gishiri da sukari. Ana umartar mutum da shi kafin a leƙa babban hanjinsa da na'ura, ko kafin aikin fiɗa da bayansa, ko lokacin amai mai tsanani. Ba ya ƙosarwa, ba ya gina jiki, saboda haka ba a wuce ƴan kwanaki a kansa. Na biyu shi ne ruwa mai kauri, wanda ya haɗa da madara, nono, koko da kunun da aka tace sarai, da miyar da aka niƙa aka tace. Wannan shi ake bai wa wanda aka ɗaure masa muƙamuƙi bayan karaya, ko wanda aka yi wa aiki a baki, maƙogwaro ko ciki.

Don haka kada a baro asibiti sai an tambayi abu uku: wane iri ne daga cikin biyun, kwana nawa za a yi, kuma yaya za a yi da magungunan da majinyaci ya saba sha. Idan da Faransanci aka rubuta takardar, a roƙi likita ko ma'aikacin jinya ya fassara ta dalla-dalla, a kuma ambata masa abubuwan shanmu na gida da sunayensu, domin takarda ba ta san kunun gyaɗa ba. Matambayi ba ya ɓata.

Ga wanda za a leƙa hanjinsa, zoɓo da duk wani abin sha mai launin ja ba nasa ba ne, domin launin kan rina hanji har ya yi kama da jini. Madara da kunu kuwa suna barin saura a ciki, sai na'ura ta kasa gani, a sake sa rana, a sake biyan kuɗi. Wanda za a sa wa maganin barci domin fiɗa, ƙa'idar da aka fi bi a yau ita ce a bar abinci mai sauƙi da madara awa 6 kafin aiki, ruwa garai kuwa awa 2. Amma lokacin da likitan ya faɗa shi ne abin bi. Hikimar ita ce, abin da ya rage a ciki yana iya dawowa ya shiga huhu alhali mutum yana barci. Idan an yi kuskure an sha wani abu, a faɗi gaskiya kafin a shiga ɗakin aiki.

Wanda zai daɗe a kan ruwa mai kauri, babban haɗarinsa shi ne rama da jinkirin warkewar rauni, domin koko tsinkakke ciki kawai yake cikawa. Baligi mai nauyin kilo 60 yana bukatar kimanin giram 50 na sinadarin gina jiki a yini, mai jinyar rauni ma fiye da haka, alhali kofi ɗaya na madara giram 8 yake bayarwa. Saboda haka a ƙarfafa kunun da garin madara, ko gyaɗar da aka niƙa ta yi laushi, ko waken da aka dafa ya nuna aka tace, a ɗiga mai kaɗan, a riƙa ba shi sau 6 zuwa 8 a yini maimakon sau uku. A rage yaji da citta. Kada a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, kada kuma a ba shi nonon da ba a tafasa madararsa ba, domin dukansu suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Fura kuwa, in likita ya yarda da ita, a dama ta a gida da ruwa mai tsabta, a tace gudajinta. Abin da ya wuce awa 2 a ajiye ba cikin firiji ba, kada a ba marar lafiya.

Haka nan a kula da ƙarancin ruwa a jiki, musamman a bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Alamunsa su ne fitsari kaɗan mai duhu, bushewar baki, da jiri idan an miƙe. Ƙunshin gishiri da sukari na farmasi ana narkar da shi ne a lita ɗaya cif ta ruwa mai tsabta, a zubar da ragowar bayan awa 24.

Akwai mutum huɗu da ke bukatar kulawa ta musamman. Mai ciwon sukari da ya rage ci amma ya ci gaba da shan magani ko allurar insulin kamar da, sukarinsa na iya faɗuwa: zufa, rawar jiki, ruɗewa. A ba shi abin sha mai zaƙi nan take idan yana iya haɗiya, a sanar da likita, kada kuma ya canja magani da kansa. Mai hawan jini ya yi hattara da romon da aka cika wa gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Mai ciwon ƙoda ko zuciya, wataƙila an ƙayyade masa yawan ruwan da zai sha, kada a wuce shi. Na huɗu shi ne wanda ɓarin jikinsa ya shanye har haɗiya ta yi masa wuya. Shi kam ruwa tsinkakke ne ya fi saurin ƙware shi ya gangara huhu, don haka likita kan ce a kaurara masa abin sha. A zaunar da shi sosai, a ba shi da cokali sannu a hankali, kada ya kwanta sai bayan minti 30. Bugu da ƙari, kada a daka ƙwayar magani a zuba cikin kunu sai an tambaya, domin akwai ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali, dakawa kuwa tana sakin ƙarfinsu gaba ɗaya.

Game da azumi, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185. Wanda aka umarta da kurɓar ruwa kowace awa, kada ya tsananta wa kansa a inda aka sauƙaƙa masa. Masu zuwa dubiya kuma su tambayi masu jinya kafin su kawo abin ci, kada su matsa wa majinyaci da cewa ya ɗan taɓa.

A gaggauta komawa asibiti idan amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura, ko zazzaɓi ya taso, ko fitsari ya ɗauke, ko majinyaci yana tari duk lokacin da ya sha abu. Idan wa'adi ya cika, a koma ga abinci mataki-mataki, daga kunu mai kauri zuwa fate da tuwo mai laushi. Kada kuma tsoro ya sa a zarce ranar da aka yanka, domin likitoci sun gano cewa komawa ga abinci da wuri bayan fiɗa yana taimaka wa warkewa.

Allah ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.