Amoniya da Farashin Mudu a Kasuwar Wuse

Duk lokacin da farashin mudun masara ya tashi a kasuwar Wuse da ke Abuja, ya kamata a waiwayi sinadarin amoniya, domin shi ne ƙashin bayan takin zamani. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta cin moriyarsa sai an juya shi zuwa amoniya.

Ta hanyoyi biyu ake samun wannan. Ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa suna yin aikin kyauta, shi ya sa manoman Kano da Katsina suka daɗe suna haɗa gero da wake a gona guda. A masana'anta kuwa, tun 1913 a Jamus ake haɗa naitirojin da haidirojin cikin tsananin zafi da matsi, bisa dabarar Haber da Bosch. Yau daga iskar gas ake samun yawancin haidirojin ɗin.

Nijeriya ba ta rasa gas ba. Masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2022, an gina ta don samar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, kuma ana fitar da kaso mai yawa zuwa ƙasashe irin su Brazil. Kuɗin shiga abin so ne, amma gonar gida ce ke cika mudun Wuse.

Saboda haka ya dace 'yan kasuwa su zuba jari a rumbunan ajiyar taki a Arewa, da jigilarsa kafin damina, da kuma ingantaccen irin wake. Takin da ya iso bayan shuka ta yi nisa, ihu ne bayan hari.