Daga igwar Tanimu zuwa bindigar faifai

Maganarmu ta wannan mako a kan wani abin wasa take, kuma na san daga cikin manyan ma'aikata da alhazan kasuwa akwai waɗanda za su ce me ya haɗa wannan shafi da wasan yara. Su yi haƙuri su bi mu, domin wasan nan ya taɓo wata sana'a da Damagaram ta taɓa yin suna da ita.

Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fito da shi kasuwa a 1982, ya ci zamaninsa ya gama. A shekarun 2000 duk wanda ya ratsa Kasuwar Dole ya ga rumfunan masu sayar da finafinan Kano da na Indiya da wa'azin malamai a kan faifai. Wayar hannu da ɗan katin memori suka zo suka karya wannan ciniki. Faya-fayen da suka rage, wasu an rataye su a lambu don walƙiyarsu ta kori tsuntsaye, wasu an ɗaure su a bayan keke ko amalanke don mai mota ya hango da dare, sauran kuwa suna kan juji.

To, a Turai da Amurka akwai masu sha'awar ƙere-ƙere da suka samo wa tsohon faifai wani aiki: sukan haɗa wata ƴar na'ura a gida mai harba shi. Dabarar ba ta da wuya. Akan jera katako biyu, a bar tsakaninsu kwararo daidai faɗin faifan, wato santimita 12. A gefe guda a kafa ƙaramin inji, irin na tsohuwar rediyo mai kaset ko abin da ya fi shi ƙarfi, a sa masa ƴar taya ta roba. In an tura faifai cikin kwararon, tayar ta kama shi ta gefe ɗaya kawai, sai ta ingiza shi gaba tana kuma juya shi. Wannan juyin shi ne sirrin abin. Faifan da aka jefa ba ya juyawa, tangal-tangal zai yi ya faɗi nan kusa. Wanda ke juyawa kuwa yakan tsaya a kwance cikin iska ya yi nisa, kamar yadda katantanwar yara ba ta faɗuwa muddin tana juyi. Wanda ba shi da inji, robar cikin taya ma tana yi masa aikin.

Yaron da ke lanƙwasa waya ya fitar da mota har da sitiyarinta, ya fafe reshe ya yi gwafar harbin tsuntsu, in ya ga hoton wannan na'ura a wayar yayansa da safe, ba na shakka kafin la'asar ya haɗa tasa. Abin tambaya shi ne me mu manya za mu yi masa in mun kama shi da ita. Kafin mu ɗauko bulala, bari mu waiwayi tarihin garinmu.

Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu ya hau gadon Damagaram karo na biyu a 1851, ya riƙe shi har 1884. Shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa kuma ayarin da ke biyo hanyar Tarabulus da Agadas ya mai da Zango babban masauki. Bindigogi na shigowa ta wannan hanya, amma Tanimu bai tsaya ga saye ba. Ya tara maƙera ya sa su zuba igwa ta tagulla a nan cikin gari, su ƙera harsasanta da abin ɗora ta, a kuma haɗa albarushi a gida. Masu tarihi sun rubuta cewa rundunarsa ta kai ga mallakar bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40. A duk ƙasar Hausa ta wancan lokaci da wuya a nuna sarkin da ya kai shi a wannan fanni. Marigayi André Salifou, ɗan wannan gari, ya yi bayanin mulkin nan a littafinsa kan Damagaram na 1971. Gaskiya ce kuma, ba za a ɓoye ba, cewa wani kaso mai yawa na dukiyar da ta ɗauki nauyin aikin daga harin bayi da cinikinsu ya fito. Wannan ba abin alfahari ba ne. Abin da muke dubawa a nan shi ne hannun maƙeran.

Waɗannan mutane ba su shiga lakwal ba, ba su ga masana'antar Faransa ko ta Ingila ba. Abin da suka gada shi ne zubin tagulla na kayan doki da munduwa. Daga nan zuwa zubin igwa tafiya ce mai nisa, don igwa tana son narkakken ƙarfe mai yawa a zuba shi lokaci guda, bakinta ya fito a miƙe, kaurinta ya zama ɗaya ta kowane gefe. Sun iya ne saboda sun sami sarkin da ya ba su tagulla da gawayi da abinci, ya kuma jure asarar gwaji.

Sai dai zubi yana da wani mugun aibi da ido ba ya gani. In iska ta maƙale cikin ƙarfe yayin da yake sanyi, takan bar ɗan kogo a ciki, waje kuwa sumul. Igwa mai irin wannan kogo, ko a wace ƙasa aka zuba ta, ranar da aka cika mata albarushi takan fashe ta kashe masu harba ta. Turawa sun sha wannan wuya ɗaruruwan shekaru, har suka kafa doka cewa kowace igwa sai an gwada ta da albarushin da ya fi ƙima, mutane na nesa, kafin a miƙa wa soja. Suka riƙa auna kome suna rubutawa, na baya ya ɗora kan na gaba. A ganina wannan awo da rubutu na daga cikin abin da ya raba mu da su. A Yulin 1899, a Tirmini, dakarun Sarki Amadu Kuran Daga sun fi na Faransa yawa nesa ba kusa ba, amma bindigar zamani mai saurin ɗuri ta rinjaye su.

Tsohon faifai ma yana da nasa ɓoyayyen aibin. Da wata roba mai tauri aka yi shi, kaurinsa milimita 1.2, nauyinsa bai wuce giram 20 ba. In ya sha rana ya tsufa, yakan fara tsagewa daga ramin tsakiya, tsagar da sai an ɗaga shi ga haske ake ganinta. Ko cikin kwamfuta, inda na'ura mai sauri ke juya shi sau 10,000 a minti, an sha ganin faifai mai tsaga ya tarwatse. Ɓaraguzansa kaifi gare su kamar fasasshiyar kwalba. In ya fashe cikin kwararon katako, fuskar da ta fi kusa ita ce ta yaron da ya ƙera abin. In ya fita lafiya ya daki bango, ƙannensa da ke kallo ne a bakin haɗari. Ido kuwa ba a sayar da shi a Kasuwar Dole.

Don haka uban da ya tarar da ɗansa da irin wannan na'ura, ya zauna da shi tukuna. A duba kowane faifai ga haske, mai tsaga a yar. A rufe saman kwararon da katako, a sa tabarau irin na masu walda, a fita fili bayan gari, kada a saita mutum ko dabba. Sa'an nan a ba yaron igiyar awo da littafi da fensir: taku nawa faifan ya yi da ƙaramar taya, nawa ya yi da babba, me ya canza da aka ɗaga bakin sama kaɗan. Malamin lakwal da ke neman hanyar koyar da lissafi da kimiyya ba tare da kayan gwaji ba, ga kayan gwaji a kan juji kyauta.

Ga alhazan kasuwa kuwa, kujerar Tanimu ta ɗaukar nauyin maƙera tana nan ba kowa a kanta. Garin nan yana da jami'a mai sunan André Salifou, yana da matatar man SORAZ tun 2011, yana da makarantun koyon sana'a da garejin gyaran mota a kowace unguwa. Kuɗin abin awon lantarki guda, da tabarau goma, da ladan maigidan garejin da zai karɓi yara biyar lokacin hutun damina, bai kai abin da wasunmu ke liƙa wa maroƙa a biki ɗaya ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.