Saƙon Kuskure Ya Nuna Inda Ciwon Yake

Duk ɗalibin da ya taɓa shigar da kalmomin ƙamus cikin rumbun bayanai da tsarin XML ya san takaicin a ce masa "an sami kuskure" kawai, a yi shiru. Tun 1998 ƙa'idar XML ta wajabta wa manhaja ta dakata idan ta tarar da alamar da aka buɗe ba a rufe ba. Dakatawar daidai ce, ɓoye dalili shi ne aibu. PostgreSQL, da taimakon libxml2, yakan faɗi lambar layi da alamar da ta saɓa. A ganina, wannan haƙƙin mai amfani ne: wanda aka nuna wa layin zai gyara nan take, wanda aka bari cikin duhu kuwa sai ya bi dubban layuka ɗaya bayan ɗaya.