Tseren Miji Da Mata

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan filina na kowane mako, domin yau akwai tambayar da ta wajaba in amsa. Wani akawu daga birni, wanda muka yi makaranta tare, ya rubuto mini ya ce labari ya iske shi, wai an ga Malamin Ƙauye da asuba yana gudu cikin burtali, uwargidansa na biye, kamar waɗanda gobara ta koro. Ya ce in gaya masa gaskiya, in wani abu ne ya same mu a zo a duba mu. To, abokina, abin da ka ji haka ya ke, hankalinmu kuwa lafiya lau. Amma tun da maganar ta shafi duk mai cin abinci da alƙalami, na ga ya fi kyau in ba ka amsa a gaban jama'a.

Shekara biyu ke nan da suka wuce, ina tsaye gaban aji ina rubutu a allo, sai jiri ya ɗebe ni, ban san sa'ad da na dafa tebur ba. Da aka kai ni asibiti likita ya gwada ni, ya ce hawan jini ne, ya kuwa daɗe yana cina ban sani ba. Ba a yi wata biyu ba aka gwada uwargidana, aka sami ciwon suga. Likitan nan ya tambaye ni da me na ke zuwa makaranta, na ce da babur. Ya ce masallaci fa, na ce yana ƙofar gida. Ya ce gona fa, na ce 'yan ƙwadago ke yi mini. Ya yi dariya, ya ce ashe rabon da ƙafata ta yi mini aiki an daɗe. Ya ba mu magani, sa'an nan ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, watau rabin sa'a sau biyar.

Na dawo gida ina ta tunani. A ƙasarmu ta Ɗambatta, da Makoɗa, da Kunci, da Bichi, manomi ba ya bukatar wannan shawara. Shi da ya yini sunkuye a kan hauya, ya kai taki gona, ya ɗauko damin gero a ka, ai ya biya bashin jikinsa har da riba. Kakanninmu fatake da ƙafa su ke zuwa Gwanja su sayo goro su komo. Mu da Allah ya ba ɗan ilmi mu ne muka koma kujera, daga kujerar ofis sai ta babur, daga nan sai tabarmar ƙofar gida. Matanmu kuwa abin ya fi tsananta a kansu. Dā mace na daka, tana niƙa, tana jan ruwa a rijiya. Yanzu inji ya karɓi daka da niƙa, 'yan garuwa sun karɓi ruwa. Wannan sauƙi ne, mun gode Allah, amma ba mu sa kome a gurbin aikin da aka ɗauke mata ba. Tana tsakar gida tun safe har dare, tsawon tafiyarta daga ɗaki zuwa madafi.

Ita ce ta fara magana. Ta ce, "Malam, tun da magani tare mu ke sha, me zai hana mu yi tafiyar tare?" Na ce mata mutane za su yi magana. Ta ce, "Ran da ka faɗi a aji ma sun yi magana, amma ni na kwana a asibiti." Na rasa amsa, na sayo mana takalman kambas na gwanjo a kasuwa.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai zaci fili ba ya yi wa ɗan ƙauye wuya. A nan kuwa kowane taƙi na ƙasa da mai shi. Gona na jingine da gona, gari na hangen gari, ba daji ba saura. Da damina gero da dawa su kan rufe ko'ina, ba inda za ka sa ƙafa sai burtali da 'yar hanyar da ke tsakanin gonaki. Nan muka mai da filin wasanmu. Da an sallame sallar Asuba sai mu fita. Wata na fari tafiya kurum muka yi. A wata na biyu muka soma ɗan sassarfa daga gindin wani gawo zuwa wata tsamiya, in mun kai mu tsaya muna haki. Yashi na riƙe ƙafa, ƙarangiya na kama bakin wando, tsidau na huda takalmi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana. Cikin wata na shida muka iya zuwa ƙauyen da ke gabas da mu mu komo ba tsayawa, wajen kilomita 5 ke nan.

Ashe wahalar ƙafa ita ce ƙarama. Ran nan da yamma sai ga yayanta ya yi sallama, fuska ba annuri. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, mun ba ka aure ne don ka rufa mata asiri. Yanzu ga shi a majalisa sai maganarku a ke yi, wai ka mai da 'yar'uwarmu dokin sukuwa." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ni ma ban so abin da zai zub mata da mutunci. Mu je wurin Liman, abin da ya yanke na yarda."

Liman ya saurare mu har muka gama. Sa'an nan ya ce ya zo a cikin littafin Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, a cikin wata tafiya, ta kuwa tsere masa. Bayan wani zamani, sa'ad da ta yi jiki, suka sake, shi kuma ya tsere mata. Ya ƙara da cewa a wata ruwaya sai da aka umurci sahabbai su yi gaba tukuna aka yi tseren. Don haka, in ji shi, gudun miji da matarsa ba laifi ba ne, sharaɗinsa sutura da nisantar idon jama'a. Muka tashi a kan cewa za ta riƙa fita da hijabi da dogon wando, mu bi bayan gari, mu komo kafin hanya ta cika. Yayanta ya amince. Ban ce bakin mutane ya mutu ba, amma ya ragu ƙwarai, gama abin da a ke gani kullum ba ya daɗewa yana zama labari.

Muna cikin haka ɗanmu ya zo hutu daga jami'a, ya nuna mana a wayarsa wani irin tsere mai rassa uku, wanda Turawa ke kira tirayatilon. Mutum zai fara da iyo, ya fito daga ruwa ya hau keke, ya sauka daga keke ya kama gudu, duk a jere ba hutawa. Na bi diddigin abin, ga kuwa abin da na samu. An yi irinsa na zamani na farko a San Diyego ta ƙasar Amurka ran 25 ga Satumba, 1974, masu sha'awar gudu ne suka shirya shi don nishaɗi. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy. Da aiki ya kai su tsibirin Hawayi, su biyun nan suka shirya wani wanda ya fi shi tsanani a 1978, mai suna Ironman: iyo kusan kilomita 4, keke kilomita 180, sa'an nan gudun fanfalaki cikakke, kilomita 42 da 'yan kai, kusan tafiyar Kano zuwa Bichi. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe. A shekara ta 2000 aka shigar da tirayatilon cikin wasannin Olimfik a birnin Sidni, da iyon kilomita 1.5, da keken kilomita 40, da gudun kilomita 10. Ku duba, jama'a, abin da miji da mata suka taya ƙirƙirowa a lokacin hutunsu, yau ga shi ya gama duniya.

Gudu kam ba baƙo ba ne a Afirka. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci fanfalakin Olimfik a Roma a 1960. A ƙasarmu ma akwai tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo, wanda aka fara a 2013, da fanfalakin birnin Ikko da aka fara a 2016, inda akawu da ɗan kasuwa ke bin bayan gwanayen Kenya da Habasha, burinsu kawai su kai ƙarshe. Da na dubi rassan nan uku sai na ga duk muna da su a ƙauye. Wane yaro ne bai yi wanka a kududdufi ba, bai kai saƙo a keke ba, bai yi tsere da langa a dandali ba? Haɗa su ne ba mu yi ba, girma kuma ya sa muka watsar.

Uwargida ta ce ita ma sai ta gwada. Ba ta taɓa hawa keke ba, sai ta koya a filin makarantar 'yan mata lokacin hutu, inda katanga ta kewaye, ni ina riƙe da sirdi, ta faɗi ta tashi har ta iya. Reshen iyo ne ya gagare mu, ina so kuwa masu karatu su lura da dalili. Ruwa muna da shi, ga kududdufai, ga madatsun da aka soma ginawa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su Tomas da Watari. Amma ruwan da ke kwance shi ne gidan tsargiya. Tsutsarta na girma cikin 'yan ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga jini, bayan wani lokaci a ga yaro na fitsarin jini. Akwai maganinta a asibiti, amma wanda ya koma ruwan sai ta sake kama shi. Wanda ya fito neman lafiya ba ya kai kansa nan.

Duk da haka kada a ce iyo wasan banza ne. Ba mu manta da ƙarshen watan Nuwamba na 2021 ba, sa'ad da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta ƙasar Bagwai, mutane da yawa suka rasu, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ƙasar da ta cika da madatsun ruwa ya kamata 'ya'yanta su iya iyo, a kuma koya musu shi cikin ruwa mai tsabta, a gaban wanda ya iya ceto.

Mu dai muka tsaya a kan rassa biyu. Da kaka ta yi, aka kawar da amfanin gona, hanyoyi suka buɗe, muka sa ranar namu tseren. Muka aro keke na biyu wurin maƙwabci, ɗanmu ya riƙe agogo. Gudun kilomita 2, keken kilomita 10, sa'an nan gudun kilomita 2 kuma. A kan keke na ba ta rata mai yawa, har ina waiwaye ina murmushi. Da na sauka sai na ji ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi. Ina ja da ƙyar ta zo ta wuce ni, ta ce, "Sannu, Malam." A gindin tsamiyar nan na same ta zaune tana jirana.

Da muka koma asibiti likita ya ce jinina ya sauka, sugan uwargida ma ya daidaita fiye da dā. Bai ce mu bar magani ba, ba mu kuwa bari ba. Wanda zai bi sawunmu ya fara zuwa a gwada shi, ya ji abin da likita zai ce. Ya fara da tafiya kafin gudu. Ya guji zafin rana, musamman da bazara, ya sha ruwa sosai. Ran da ƙurar hunturu ta yi yawa ya haƙura. In ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take. Mai ciwon suga kada ya fita bai tambayi yadda zai yi da abinci da magani ba. Mu da azumi tafiya kaɗai mu ke yi, bayan an sha ruwa.

Abokina akawu, da ni kaɗai ne da tuni na bari. Safiya nawa sanyi ya danne ni cikin bargo, sai in ji ta tana ɗaura takalmi, kunya ta tashe ni. Ran da ita ta yi nauyi ni ke tashinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har wa yau, shekararmu 26 da aure, ban taɓa samun zarafin hira da ita ba, ba yara ba baƙi, kamar yadda na ke samu a kan hanyar komowa.

Saura roƙo. Ina roƙon shugabannin makarantun 'yan mata masu katanga su ware sa'a guda da yamma, ko sau biyu a mako, matan gari su shiga su motsa jiki a hannun malamai mata, domin ba kowace ce za ta iya fita burtali ba. Ina roƙon malamai 'yan'uwana kowace gunduma ta shirya tseren kilomita 5 bayan kaka, dattijo da saurayi kowa ya shiga. Ina kuma roƙon hukuma ta dubi maganar wurin koyon iyo mai tsabta ga yaran da ke zaune kusa da madatsun ruwa. Kai kuwa abokina, in ka zo hutu ka taho da takalmi, ka taho da uwargida in ta yarda. Akwai ɗaki, burtali kuma ya ishe mu mu huɗu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Naku,
Malamin Ƙauye,
Ƙasar Ɗambatta.