Filin Masu Mota: Ɗan Noti Mai Riƙe Da Rai

A wannan mako za mu tsaya ne a kan wani ɗan ƙarfe wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda kuma da yawa daga cikin masu mota ba su taɓa ɗora ido a kansa ba, watau notin fitar da iska daga birki, wanda makanikai ke kira notin bilidin. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne wani al'amari da na gani da idona a unguwarmu ta Nasarawa Gwom, cikin garin Jos.

Ina da wani maƙwabci direba, mai ɗaukar dankali da kabeji daga kasuwar Farin Gada zuwa Lafiya da Abuja. Ran nan da sassafe na tarar da shi tsugune a gindin tayar gaba, yana duban wani danshi da ya jiƙe ta daga ciki. Ya ce mini shekaranjiya aka sake masa fatar birki aka yi bilidin, tun daga ranar yake ganin ɗigo. Da ya koma gareji, yaron maigida ya ɗauki sifana ya ƙara ɗaure notin iyakar ƙarfinsa. Da ɗigon ya ƙi tsayawa, sai ya kwance shi ya naɗa masa farin tef irin na masu gyaran famfo, ya ce, "Shi ke nan, Alhaji, tafi abinka." Ga shi kuwa an riga an yi lodi, da azahar zai kama hanya.

Duk wanda ya san Jos ya san abin da ya sa gabana ya faɗi. Garin yana bisa tudu ne, kimanin mita 1,200 sama da teku, mai fita daga cikinsa zuwa Akwanga kuwa tilas ya gangara Hawan Kibo, inda aka sha yin asarar rayuka da dukiya. Birkin da zai tsayar da kai a lungun unguwa kana tafiya sannu, ba lalle ne ya tsayar da kai a can ba, da lodi a bayanka.

Ga yadda abin yake. In ka taka birki, masta tana tura mai ta cikin bututu zuwa kowace taya, man ya matse fata a jikin faifai ko ganga. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka ke isa tayar kamar yadda ya fito. Iska kuwa tana matsuwa, saboda haka in ta shiga bututu sai ka ji birki ya yi laushi kamar ka taka soso. Domin fitar da ita ne aka sa wa kowace taya wannan noti, mai rami a tsakiyarsa.

To, a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Suna zaton tiredi, watau haƙoran da noti ke bi, shi ke tsare man. Ko kusa. Bakin notin na ciki mai tsini ne, yana zama daram a cikin wata 'yar gurba da aka fafe daidai da shi, haɗuwar nan ta ƙarfe da ƙarfe ita ce ke rufe hanya. Aikin tiredi kawai ya riƙe tsinin a mazauninsa. Ke nan naɗa tef a kan tiredi daidai yake da toshe taga alhali ruwa ta rufi yake zuba, man zai bi ramin tsakiya ya fito. Daɗin daɗawa, guntun tef yana iya yagewa ya shiga ciki ya haddasa wata sabuwar ɓarna. Ɗaurin ƙarfi kuwa ya fi tef illa, domin yana lanƙwasa tsinin, ko ya tsaga gurbin, musamman in na alminiyam ne, ko kuwa notin ya karye a ciki tun da yake holoƙo ne.

Mai hankali in ya ga danshi, sai ya fara tabbatar da inda yake fitowa. A goge wurin tas, har da sauran man da ya rage a cikin ramin notin bayan bilidin, gama shi ma yakan tsatso ya ruɗi mutum. Sa'an nan wani ya taka birki da ƙarfi ya riƙe kamar rabin minti, kai kuma kana dubawa da tocila. Sau da yawa za ka tarar daga sama man ke gangarowa, daga mahaɗar tiyo inda wasan jan ƙarfe ya gaji, notin bai san hawa ba bai san sauka ba.

In kuwa daga notin ne, a kwance shi a duba tsinin. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan tsatsa sun isa su hana shi zama. A share gurbin da tsumma mai tsabta, in tsinin ya sami tabo a sayi sabon noti mai irin tsawonsa da tsininsa da tiredinsa, kada a ɗauko na wata mota don kawai ya shiga. A ɗaura shi da hannu har ya zauna, sa'an nan a ƙara ɗan kaɗan da ƙaramar sifana mai zobe, yawanci lamba 8 ko 10 ko 11. Wanda ya ciza saboda tsatsa, a jiƙa shi da man kwance tsatsa a ba shi lokaci, a ɗan ƙwanƙwasa, kada a yi masa kokawa. Amma in gurbin kansa ne ya tsage, ko tiredi ya cinye, to babu sauran dabara, sai a sake gidan birkin tayar gaba ɗaya. Ban da walda, ban da cusa ƙusa, ban da kuma wannan muguwar al'ada ta dandaƙe bututun taya ɗaya a ce sauran ukun sun isa. Fatar da mai ya jiƙa ita ma a jefar da ita, wanki ba ya mayar da ita. Bayan an gama a sake bilidin, a mayar wa notin 'yar hularsa ta roba, gama ita ke hana ruwan damina da ƙurar hunturu shiga ramin.

Shi kansa man yana da nasa sharaɗi. Yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon mai DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 140. DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa wajen 155. A doguwar gangara birki yana zafi ƙwarai, man da ya tafasa ya zama tururi, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta kai ƙasa. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sake man duk shekara biyu. Kada kuma a kuskura a zuba ruwan sabulu ko baƙin mai a madadinsa, domin na farko tsatsa yake kawowa, na biyu kuma yana kumbura robobin ciki.

Maƙwabcin nan nawa dai na matsa masa muka tafi wurin wani dattijon bakanike. Da ya kwance notin ya ɗaga shi ga hasken rana, sai ga tsinin ya lanƙwashe, gurbin ma ya soma tsagewa. Ya dube shi ya ce, "Malam, yau ba inda za ka." Haka aka sauke kabejin aka ba wata mota, ya yi asarar kuɗin lodin ranar da kuɗin sabon kaya, ya yini yana ƙunƙuni. Ni kuwa na ce masa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, ai da yamma yaransa sun tarye shi a ƙofar gida.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba za ta iya leƙa ƙarƙashin kowace mota ba. Wannan aikin mai mota ne. Kowace safiya ka buɗe bonet ka dubi man birki, ka kuma leƙa bayan tayoyinka huɗu. Kowane gareji kuma ya kamata maigida ya zaunar da yaransa ya nuna musu tsinin nan da gurbinsa kafin ya miƙa musu sifana.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda.